Darasin Wannan Wata: Wane Ne Maƙwabcinmu?

'Yan'uwa manoma, a wannan wata za mu koyi kalmomi biyu na Latin, wato harshen Romawa na dā. Mu da Hausa kalma ɗaya gare mu, maƙwabci. Su kuwa sun raba ta biyu.

Ta fari ita ce vicinus. Ta fito daga vicus, wato ƙauye ko unguwa. Vicinus shi ne wanda muke danga ɗaya da shi, ko iyakar gona ɗaya. Shi ke ara mana garma, shi muke kira gayya.

Ta biyu ita ce proximus. Ta fito daga prope, wato kusa. Ma'anarta wanda ya fi kowa kusa da mu. Ba ruwanta da garin mutum ko danginsa.

A shekara ta 382 aka ɗora wa wani malami mai suna Jerom aikin gyara fassarar Linjila ta Latin a birnin Roma. A cikin fassarar nan ana samun kalmomin duka biyu. A Luka sura 15, makiyayin da ya sami ɓatacciyar tunkiyarsa, maƙwabtan da ya kira su taya shi murna vicinus ne. Amma a sura 10, cikin misalin Basamariye, proximus aka rubuta. Basamariyen nan ba gari ɗaya yake da mutumin da 'yan fashi suka ji wa rauni ba. Hanyar Urushalima zuwa Yariko ce ta gama su, tausayi kuma ya maishe shi maƙwabci.

To, ina ruwan manomin Tafoki da wannan? Mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda har aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a watan Disamba na 1920+100, wato 2020. Mutane da yawa sun baro ƙauyukansu. Wanda ya sauka a cikinmu ba shi da gona, ba shi da rumbu, sunansa ba ya cikin littafin ƙungiya. Idan ƙungiyarmu vicinus kaɗai ta sani, damina za ta wuce shi, ya shiga rani da yunwa.

Saboda haka muna ba da shawara uku. A ba baƙo aron gona ko da 'yar kaɗan ce. A ba shi rancen irin masara ko dawa, ya biya da kaka. A kuma sa shi cikin gayya, Kirista ne ko Musulmi.

Abin tattaunawa a taro:
1. Baƙi nawa ne a unguwarmu da ba su da wurin shuka?
2. Wace doka ce ta ƙungiyarmu take hana su shiga?
3. Wa zai kai musu iri kafin ruwan shuka?

Allah ya ba mu damina mai albarka.