Yadda Mai Hoto Ke Saita Jakar Goyo a Ƙasar Adar

A ƙasar Adar, wuraren da suka fi kyau a hoto galibi su ne waɗanda mota ba ta kaiwa. Fadamar Tarka ta Madawa, inda albasa ke cika gonaki da rani, tana da sauƙin shiga. Haka ma layukan dogon yaro na kwarin Majiya a Buza, waɗanda aka fara dasawa a 1975 don tare iska. Amma mai son ɗaukar ramukan tare ruwa da jeren duwatsun da aikin raya karkara na Keita ya bari a jikin tsaunuka, aikin da aka soma a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, dole ya sauka ya hau da ƙafa, kyamara a baya. Nan ne jakar da ba a saita ba take nuna halinta: kafin azahar wuya ya ƙage, kafaɗu sun ɗauki zafi.

Gyaran yana farawa tun jaka tana ƙasa. Abu mafi nauyi, wato kyamara da dogon gilashinta, shi ake sawa tsakiya, manne da bangon da ke taɓa baya. Gilashi irin 70-200 mai faɗin ido shi kaɗai yakan kai kusan kilo ɗaya da rabi, in aka jefa shi aljihun waje zai riƙa jan mutum ta baya. Batura, caja da ƙyallen goge ƙura su cika gefe, a matse allunan soso har komai ya daina motsi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma a zafin Afrilu da Mayu, da yakan haura digiri 40, ba mai hawa dutse da lita ɗaya. Saboda haka in sandar kyamara mai ƙafa uku tana gefe guda, gorar ruwa ta zauna a ɗaya gefen.

Sai awon baya. Mutum ya sunkuyar da kai, ya laluba ƙashin da ke turowa a gindin wuya. Daga nan zuwa daidai saman ƙashin ƙugu shi ne tsawon da ya kamata bayan jakar ya dace da shi. Tsayin mutum ba ya nuna wannan, don akwai dogo mai gajeren baya. Wasu jakunkunan ana iya ɗaga mahaɗin hannuwansu ko a sauke shi. Wadda ba ta da wannan, a gwada ta da kaya ciki kafin a biya kuɗi.

Yanzu a sassauta kowace igiya, a goya. Yawancin mutane hannuwan kafaɗa suke fara ja, kuma kuskuren ke nan. Ɗamarar ƙugu ce farko. A ɗan ɗaga jakar, a zaunar da soson ɗamarar a kan ƙashin ƙugu, ba a kan ciki ba, sannan a ja ta sosai. Kowace uwa a kasuwar Madawa ta san wannan: majanyi ne ke tallafe goyo daga ƙasa, shi ya sa take wuni da yaro ba ta koka da kafaɗa. Idan ɗamara ta zauna daidai, mafi yawan nauyi ya koma ƙugu da cinyoyi. Mai doguwar riga ya miƙe ta kafin ya ɗaure, ya kuma fitar da waya da makullai daga aljihun gefe, in ba haka ba za su ci masa fata.

Bayan nan a ja hannuwan kafaɗa ƙasa da baya, har su kwanta a jiki ba rata, amma ba har su ƙwace nauyin daga ƙugu ba. Manyan jakunkuna suna da wasu ƙananan igiyoyi biyu a saman kafaɗa, masu jawo kan jaka kusa da ƙeya. Kaɗan ake jan su. Maɗaurin ƙirji ne ƙarshe, a ƙasa da ƙashin wuya da kamar faɗin yatsu biyu. Aikinsa hana hannuwa zamewa kawai, in ya hana numfashi to ya yi yawa.

A taka kaɗan, a sunkuya, a juya. Jakar da ke lilo ba ta ɗauru ba, yatsun da suka fara mutuwa kuwa alamar kafaɗa ta matsu ce.

Saiti ɗaya ba ya kai mutum yamma. A hawan tsauni ana ɗan sassauta igiyoyin sama don jiki ya samu karkata gaba. A gangara kan tsakuwa mai santsi ana matse komai, don jakar da ta goce tana iya kayar da mai ita. A kan kabu-kabu kuwa, musamman a hanyoyin burji na ƙauyukan Buza da Keita, ya fi kyau a juyo da jakar gaba a rungume ta. Idan ta zauna kan ƙarfen bayan babur, duk ramin da aka faɗa gilashi ne ke shan dukan.

Lokacin hunturu ƙura takan shiga zif da maɓallan roba, igiyoyi su riƙa zamewa da kansu. Tsohon buroshin haƙori ya isa share su. Wanda jakarsa ta makaranta ce kawai, ba ɗamara, yana iya kai wa baduku ko tela ya ɗinka masa mai faɗi da soso a ciki, a kafa ta a kusurwoyin ƙasa biyu da ɗinki mai ninki.