Kafin ka shiga gangarar taɓo

Shekara goma sha huɗu ke nan ina jan Hilux tsakanin Karaye, Kwanyawa da ƙauyukan Rogo. Da damina taki nake kaiwa, da kaka in ɗauko masara da dawa. Duk watan Agusta, lokacin da jar ƙasar burjinmu ta sha ruwa ta koma kamar sabulu, sai na ga matasan direbobi suna maimaita kuskure guda: da zarar sun jefa mota a 4H, wato jan taya huɗu, sai su ɗauka ta daina santsi.

Jan taya huɗu na fitar da kai daga taɓo ne, yana taimaka maka ka hau tudu. Amma birki dama can tayoyi huɗu yake kamawa a kowace mota, ko da tsohuwar Golf ce. Saboda haka 4H bai ƙara maka komai ba wajen tsayawa. Abin da yake ƙara wa direba shi ne ƙarfin hali, kuma nan ne haɗarin yake.

Bara na ba yaron motata sitiyari a wata gangara mai sauka zuwa rafi, muna ɗauke da buhu goma sha biyar na taki. Yana giya ta uku. Da ya ji motar ta fara zuba, sai ya danne kuloci ya haɗa da birki. Nan take bayan motar ya fara zagayowa, muna kallon gonar mutane ta gilashin gefe.

"Oga, ta ƙi!"

"Ɗaga ƙafarka daga birkin, kai! Bi ta da sitiyari inda bayan ya nufa."

Allah Ya kiyaye, tayar baya ta faɗa wata 'yar kwari ta tsaya. Da muka sauko ƙafarsa na rawa, na nuna masa sawun: layi biyu sumul, babu zanen taya ko kaɗan. Tayar da ta daina juyawa ba ta jin sitiyari, ja kawai take yi a kan laka.

Ga yadda nake yi. Tun a saman gangara nake tsayawa cak, in sa 4L, domin wannan giyar ba a shigar da ita mota na gudu. In sa lamba ɗaya, ko biyu idan gangarar ba ta yi tsanani ba, in sake kuloci gaba ɗaya, in ɗauke ƙafa daga totur. Daga nan injin ne ke riƙe motar. Tayoyin na son gudu, injin yana hana su, kuma tunda tayoyi huɗun duk a haɗe suke da shi, riƙon yana rabuwa a kansu, ba ya taruwa a na baya kaɗai, waɗanda ba su da nauyi idan bodi ba kaya. Motar za ta yi ta gurnani tana sauka kamar tafiyar tsohuwa. Bar ta ta yi kukanta, ba lalacewa take ba. In an buƙaci birki, a ɗan taɓa a saki. A tsakiyar gangara kuwa ba a sauya giya, don sakin kuloci da ƙarfi a kan santsi ɗaya yake da taka birki.  

Sai maganar firi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, sa firi a gangara ya zama ruwan dare, wai tattalin mai. A motocin zamani masu injekta ma ba riba, domin idan mota na cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutarta tana yanke man da kanta. A firi kuwa dole injin ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Kuma ka ɗora wa birki duk nauyin motar. A doguwar gangara irin Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, haka birki ke yin zafi har mansa ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa ba abin da ya kama. Wanda ya taɓa jin ƙaurin birki a wurin ya san abin da nake nufi.

Da ka fito daga burji ka hau busasshiyar kwalta, mayar da ita 2H. Irin Hilux ɗinmu ba a yi ta don yawo da taya huɗu a kan kwalta ba. A kwana za ka ji sitiyari ya yi tauri, tayoyi na ƙara, daga baya makaniki ya ci kuɗinka. Yaron nan nawa bana shi ke saukar da mu waccan gangarar, a lamba ɗaya, har ya fara yi min faɗa in ya ga ƙafata ta nufi kuloci.