Ƙididdigar Layin Saƙonni: Darasi Daga Gidan Niƙa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan ɗan nazari ita ce bayyana yadda ake sa ido a kan layin saƙonni a cikin kwamfuta. Domin sauƙaƙawa, za a jingina bayanin da abin da kowa ya sani, wato gidan niƙa.

2.0 Ma'anar Layin Saƙonni

Duk wanda ya tashi a Gwaram ya san yadda yara kan jera kwanonin hatsi a gaban mai inji, su tafi wasa, shi kuwa ya riƙa ɗauka bi da bi. Ashe ke nan kwano ne ke riƙe wa mai shi layi. Haka manhajoji ke yi: wata ta ajiye saƙo, wata ta ɗauka idan ta sami sarari. Misali, saƙon tes da aka aika wa wayar da ke kashe, ajiye shi ake yi a cibiya har a kunna ta, ko wa'adinsa ya ƙare.

3.0 Abin da Ake Ƙidayawa

Tsawon layi kaɗai ba ya nuna matsala. Ranar jajibirin salla kwanoni kan yi yawa, amma muddin inji na aiki, kowa zai tuƙa tuwo. Kwano 5 a gaban injin da ya mutu sun fi 50 a gaban mai lafiya tayar da hankali. Saboda haka ake lura da abubuwa uku: yawan saƙonnin da ke jira, da saurin shigarsu, da saurin fitarsu.

A. K. Erlang, mutumin Danmak, shi ya aza harsashin wannan ilmi a 1909, wajen nazarin kiran tarho. A 1961 kuma John Little na Amurka ya tabbatar da cewa matsakaicin tsawon layi daidai yake da saurin shiga sau lokacin jira. Wato idan kwano 30 ke zuwa cikin awa guda, kowanne yana yin minti 20, to za a riƙa samun kimanin kwano 10 a wurin.

4.0 Yadda Ake Tambayar Layi

Mai tsara manhaja ba ya ƙirga saƙonni da kansa. Yakan yi amfani da taskar umarni, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta. Alal misali, Pika taska ce ta harshen Python da ke magana da RabbitMQ, manhajar layi da ta fito a 2007. Idan aka tambayi layi ta hanyarta, sai ta ba da adadi biyu: saƙonnin da ke jira, da masu ɗauka. In masu ɗauka sun koma sifiri, mai inji ya tashi ke nan. In kuwa ana maimaita tambayar kowane minti, sai a gane ko layi ƙaruwa yake ko raguwa, a ƙara masu ɗauka tun kafin ma'aji ya cika, saƙonni su fara salwanta.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa ƙidaya sau ɗaya ba ta wadatarwa. Sai an bi ta a kai a kai kafin a san inda layi ya dosa. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.