Amsar Tambaya: Me Ke Wargaza Wasiƙar Talla a Outlook?

Wani matashi mai tsara wa shaguna wasiƙun talla na imel ya kawo kuka: aikinsa na fitowa tsaf a Gmail, amma da an buɗe a Outlook sai hoto da rubutu su hau kan juna.

Matsalar ta samo asali ne tun 2007, lokacin da Microsoft ya sa Outlook na kwamfuta ya riƙa karanta HTML da injin Word, wanda bai san yawancin salon CSS na zamani ba. Shi ya sa har gobe ƙwararru ke gina wasiƙa da tebur, faɗinta kusan fiksel 600, suna rubuta launi da girman harafi a jikin kowane sashe. Aikin akwai gajiyarwa, amma shi ne mafita.

Ya kamata matashin ya kuma kula da nauyin wasiƙar. Idan HTML ya haura kilobait 102, Gmail kan datse ƙasan wasiƙar, alhali can ne maɓallin daina karɓar saƙo yake. Kowane hoto ya sa masa bayani a rubuce, domin Outlook kan ɓoye hotuna.

Kafin ya aika wa kwastomomi, ya fara aika wa kansa, ya duba a waya da kwamfuta.