Darasi: Ladabin Kai Tsaraba

Ya kai ɗalibi, in an yi hutu aka tura ka Kuki wajen kakanni, tsarabar da ka ɗauko, goro ne ko sabulu ko burodin tashar Dutsin-Ma, kada ka raba da kanka. Durƙusa ka miƙa wa Kaka, ita ta san masu haƙƙi, har maƙwabciyar da ba ka sani ba.

In an kawo tuwon dawa miyar kuka, yi bisimilla ka sa hannu. Ban da yamutsa fuska ana tambayar shinkafa! Da damina fa, wataƙila damin ƙarshe ne aka sauko da shi daga rumbu saboda kai.

Ranar komawa za ta ƙulla maka daddawa da busasshiyar kuɓewa. Karɓa da hannu biyu, ka kai wa Inna.