Me Ke Sa Rana Ta Kama Wata?

Wani mai sauraro daga Maraɗi ne ya aiko da tambaya: me ke kawo husufi, kuma wai da gaske wata na jan ruwan teku?

To Malam, wata ba shi da hasken kansa, na rana yake haskowa. Yayin da yake kewaya duniya, ɓangaren da muke gani mai haske na ƙaruwa daga jinjiri zuwa daren sha huɗu, sannan ya yi ta raguwa, cikin kwana 29 da rabi.

Idan duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa masa, shi ne husufin wata, wanda Hausawa ke cewa rana ta kama wata. In kuwa wata ne ya tare rana, sai gari ya yi duhu da rana tsaka, kamar yadda mutanen Gusau da Katsina suka gani ran 29 ga Maris, 2006. Ba kowane wata ake yin husufi ba, domin hanyar wata a karkace take da digiri 5.

Batun teku kuwa gaskiya ne. Jan da wata ke yi kan sa ruwa ya ciko ya janye sau biyu a rana a yawancin gaɓoɓi, har mita 16 a mashigin Fandi na Kanada.