Duwatsun Yumɓu Na Badlands: Darasi Kan Zaizayar Ƙasa

A Jihar Dakota ta Kudu, cikin ƙasar Amurka, akwai wata hanyar mota mai lamba 240. Matafiyi yana cikin ratsa shimfiɗaɗɗen filin ciyawa, sai kwaram ya ga ƙasa ta tsattsage. Ga tsaunuka masu tsini kamar hasumiya, ga kwazazzabai masu zurfi, jikinsu layi-layi, wani ja, wani fari, wani ruwan toka. Sunan wurin Badlands, watau muguwar ƙasa. Mutanen Lakota ma haka suke kiransa da harshensu, don wuyar ratsawa da ƙarancin ruwan sha. Gwamnati ta keɓe shi a 1939, ta mai da shi gandun ƙasa a 1978.

To, me ya sassaƙa su haka? Wajen shekara miliyan 75 da suka wuce teku ce ta rufe wurin, laka ta kwanta a ƙarƙashinta. Da tekun ta janye, koguna suka yi ta jibga laka da yashi, iska kuma ta kawo tokar duwatsu masu aman wuta. Wajen shekara 500,000 da suka wuce ruwa ya soma ɓarnar abin da ya tara. Yumɓun ba shi da ƙarfi, ba ciyawar da za ta riƙe shi, ruwan sama kuwa in ya zo da ƙarfi yake zuwa. Inda wani layi mai tauri ya zauna bisa kamar hula, abin da ke ƙarƙashinsa ya tsira, ya zama ginshiƙi. Kowace shekara ruwa yana cin wajen inci 1, yana tono ƙasusuwan dabbobin da, har da karkanda da doki mai yatsu uku.

'Yan'uwana malaman gobe, kada mu ce abin na nesa ne. A Nanka da Agulu, cikin Jihar Anambra, zaizaya ta cinye gonaki da gidaje. Ga yadda za ku nuna wa yara. Ku tara tsibin ƙasa biyu, ku rufe ɗaya da ciyawa, ɗaya kuwa ku ɗora masa 'yan tsakuwa kaɗai. Ku huda gindin gwangwani, ku yayyafa musu ruwa daidai wa daida. Sa'an nan ku tambaye su: Wane tsibi ya fi lalacewa? Me ya rage a ƙarƙashin kowace tsakuwa? Me zai sami gonar da aka ƙone ciyawarta kafin damina?